Wai me ake nufi da "lafiyar ikilisiya" ne?

Kwanan nan duk gurup ɗin WhatsApp na zumuncinmu na Kiristoci masu aiki a Saudiyya da ka leƙa sai ka ga an turo sanarwar semina daga gida Najeriya, wai za a koya wa fastoci da dattawa lafiyar ikilisiya, har da koci da zai riƙa bibiyarku ta Zoom wata-wata. Ni ban ƙi ba, abu ne mai kyau. Abin da ke ɓata min rai shi ne da ka saurari yawancinsu na minti goma sai ka ji ashe lissafi ake, mutum nawa suka zo sujada, baiko ya kai nawa, yaushe za a faɗaɗa majami'a. To ai wannan girman ikilisiya ne aka sake wa riga, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Maganar girma ta fito ne daga Donald McGavran, ɗan mishan da ya daɗe yana aiki a Indiya, daga baya ya kafa sashen nazarin mishan a makarantar Fuller ta Amurka a 1965, shi tambayarsa me ya sa wata ikilisiya ke cika wata kuma tana nan jiya i yau. Ita kuma maganar lafiya ta yi ƙarfi ne a shekarun 1990 saboda mutane sun gaji da bautar lamba. Wanda ya fi tsara ta shi ne wani Bajamushe Christian Schwarz, wanda a 1996 ya fitar da binciken da ya yi a kan ikilisiyoyi 1,000 a ƙasashe 32, ya ce akwai alamomi 8 da ake dubawa, irin su shugabancin da ke ɗaga wasu, kowa na hidima da baiwarsa, ƙananan ƙungiyoyin gida, da ƙauna tsakanin 'yan'uwa.

Amma inda ya burge ni shi ne abin da ya aro daga wajen manoma. Akwai tsohuwar ƙa'idar Liebig, masanin sinadarai na Jamus, cewa shuka ba ta bin abin da ya fi yawa a ƙasa, abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da ita. Duk wanda ya yi noman masara a Saminaka ko Mangu ya san wannan ko bai taɓa jin sunan mutumin ba, in gonarka fosfaras ta rasa to ka yi ta zuba yuriya buhu-buhu, ganye zai yi kore shar ka ji daɗi amma ranar girbi goyon ba komai, kuma ka yi asarar kuɗin taki. Haka Schwarz ya ce a yi wa ikilisiya, a raba wa mambobi takardar tambayoyi, a gano wanne ne mafi rauni cikin 8 ɗin nan, a sa ƙarfi a nan. Mu kuwa mun fi son ƙara abin da muka riga muka iya, mawaƙa sun yi kyau sai a sayo sabon kibod, alhali mata biyu a zumunta sun shekara ba sa gaisawa kuma ba wanda ya taka ya je. Aikin koci na gaskiya kenan, ba wa'azi zai yi muku ba, tambaya zai yi ta yi har sai dattawa sun faɗi da bakinsu abin da suke kauce wa.

Mu da ke aiki a nan Saudiyya mun fi kowa ganin bambancin. Ƙasar nan ba majami'a ko ɗaya a fili, doka ta hana yin bishara, sai dai mutum ya yi addu'arsa a cikin gida, kuma ranar Juma'a muke samun sarari don Lahadi ranar aiki ce. Yau ku goma sha biyu, gobe kwantiragin nas biyu ya ƙare, an mayar da wani Jizan ko Tabuk, wani igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, kun koma takwas. Mai auna lafiya da ƙidayar kai zai ce kuna ciwo, alhali ba abin da ya same ku. Shi ya sa ma ban cika yarda da masu cewa ai duk mai lafiya dole ya yi yawa ba, lambar ce suka shigo da ita ta ƙofar baya. Ikilisiyar Simirna a Wahayin Yahaya matalauciya ce mai shan tsanani kuma ba a tsawata mata ba, ta Sardisu mai suna ita aka ce wa matacciya.

In da gaske wani koci zai taimake mu, to ya fara tambayarmu wa zai riƙe zumuncin ranar da ɗan'uwa ɗaya da komai ke wuyansa ya koma gida, don galibi ba mu shirya kowa ba. Ya kuma tambaya game da 'yan'uwa mata masu aikin gida waɗanda kafili, wato uban gidan da ya ɗauke su aiki, ba ya bari su fita, wa ke kiransu a waya, wa ya san watan da ba a biya su albashi ba. Su fa ba za su taɓa bayyana a lissafin masu zuwa sujada ba, kuma namu ne.