Akwatin raba kira na ƙaramin ofis: me aka gyara a cikinsa?

Wane akwati ake nufi?

Idan ka buga waya otal aka haɗa ka da ɗaki na 12, ko wata murya ta ce ka danna 1 ko 2, na'urar da ake kira PBX ce ke wannan aiki. Da can sai manyan kamfanoni ke iya sayenta. A 1999 Mark Spencer, a jihar Alabama ta Amurka, ya rubuta Asterisk, manhajar kyauta mai mai da kwamfuta ta zama PBX. Sai dai kwamfuta tana da fanka da faifai, ga cin wuta. Wajen 2007 wani injiniya ɗan Ostareliya, David Rowe, ya fito da IP04: ɗan akwati mai ramukan layi 4, ba fanka ba faifai, yana aiki da Blackfin, ɗan guntun lantarki mai sarrafa aikin na'ura, na kamfanin Analog Devices. Kamfanin Atcom na Shenzhen a Sin ya riƙa ƙera shi. Zanen allon ma a buɗe yake, duk mai iyawa ya ɗauka ya gina nasa a kai.

Wane gyara ne ya fi amfanar mai ƙaramin kasuwanci?

A ganina, kashe amsa-kuwwa. A tsohon layin waya, wayoyi 2 ne kawai ke ɗaukar magana zuwa da dawowa, don haka wani ɓangare na muryarka yana komowa. A kiran gargajiya ba ka lura, don nan take yake dawowa. Da aka bi da murya ta intanet sai jinkiri ya shigo: ka ce "salamu alaikum", kafin a amsa ka ji bakinka ya maimaita maka. Abokin ciniki ba ruwansa da dalili, cewa zai yi layinku ba kyau, ya kashe. Maganin a lokacin katin lantarki ne mai tsada da ake sakawa a cikin na'urar. Rowe ya rubuta Oslec, manhajar kyauta mai koyon yadda layin ke mayar da sauti ta share shi, har daga baya aka saka ta cikin Linux, babbar manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta.

Sauran fa?

Yawancinsu masu haɗa na'urar ne ke jin daɗinsu. An koma saka manhaja gunduwa-gunduwa, ba sai an goge ƙwaƙwalwar akwatin duka ba don gyara ɗaya. A 2008 Zaptel, manhajar da ke haɗa Asterisk da katunan layin waya, ta koma DAHDI saboda rikicin suna.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne na SIP, ƙa'idar da wayoyin intanet ke kiran juna da ita. Asterisk 12 ya zo da sabon sashen SIP mai suna PJSIP a 2013, aka bar tsohon sashen, chan_sip, yana tafiya shekara 10, sannan aka cire shi ɗungurungum a Asterisk 21 a 2023. Duk wanda saitinsa ke kan tsohon, sai ya sake rubuta shi.

Ina da tsohon akwati irin wannan. Zai ɗauki sabuwar manhaja?

Da wuya. Blackfin ba shi da sashen da ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake amfani da uClinux, wani Linux da aka rage. A 2018 kuwa Linux 4.17 ya daina tallafa masa. Zai ci gaba da aiki, amma ba mai toshe masa ɓaraka. Yanzu an fi gina irinsa a kan allunan ARM kamar Raspberry Pi.

A nan fa, da ba mu da layin ƙasa?

Gaskiya ramukan nan 4 ba su da aikin yi sosai a Kano ko Sakkwato, tunda layukan NITEL sun daɗe da mutuwa. Abin da ake yi shi ne a haɗa shi da akwatin da ake zura wa layin sim, ko a karɓi layin SIP daga kamfani mai lasisi. Ribarsa ita ce ƙarancin cin wuta: ƙaramar sola ta ishe shi. A lura da data dai, tsarin aika murya na G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, G.729 kuwa 8, ban da ƙarin da intanet ke ɗorawa.

Idan yana aiki lafiya, me zai sa in taɓa shi?

Ɓarayin kira. Akwai manhajojin da ke kewaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 5060, inda SIP ke saurare. In suka tarar da lambar cikin ofis 101 mai kalmar sirri 101, shi ke nan. Sukan jira ran Juma'a da dare an kulle ofis, su yi ta buga lambobin ƙasashen waje masu tsada da suke da kaso a ciki, sai ran Litinin mai ofis ya tarar da kuɗin layinsa sun ƙare. Ko ba za ka sauya akwatin bana ba, ka sa a rufe masa kiran ƙasashen waje, a sauya kalmomin sirri, a kuma hana kowa shiga ƙofar 5060 in ba kamfanin da ya ba ka layi ba.