Me ake nufi da "masana sun tantance"?

Ranar Talata ina cikin Keke daga Taminus zuwa Farin Gada, sanyin Jos na bi ta wuyan riga, direba ya ƙure rediyo. Wani mai magani ne ya sayi fili yana ta zuba. Garin maganinsa, in ji shi, yana kashe ciwon suga da hawan jini da basir, kuma "an buga shi a mujallar likitoci ta duniya, masana sun tantance shi." Wata dattijuwa da ke gefena ta gyara mayafi ta ce, "To ai magana ta ƙare, tunda an tantance." Ban tanka ba, don Keke ba wurin musu ba ne, amma maganar ta tsaya mini a rai har na sauka.

Kalmar nan ta cika gari. Majalisar Dattawa tana tantance ministoci, wani lokacin ma da rusunawa kawai a ce mutum ya wuce. Hukumar zaɓe tana da na'urar tantance masu kaɗa ƙuri'a. Ana tantance ma'aikata don a tsamo na bogi, ana tantance maniyyata, ana tantance masu karɓar tallafi. Tun zamanin korona kuma ta shigo labaran lafiya ta zauna daram, masu karanta labarai suna faɗinta da irin muryar da alƙali ke yanke hukunci. A nan ne take ba ni haushi, domin yawancin masu faɗinta "an tabbatar" suke nufi, alhali kalmomin biyu ba uwa ɗaya ta haife su ba. Tantancewa rarrabewa ce, irin ta mai tsintar wake a faifai, ta ware tsakuwa da mai huji. Tabbatarwa kuwa daga Larabci muka aro ta, ma'anarta abu ya kafu ba ya motsi. Wake na iya wuce hannun mai tsinta da ƙwaro kwance a cikinsa.

Abin da likitoci ke nufi idan sun ce an tantance rubutu na gan shi da idona a kan tabarmar falona. Ɗan ƙanwata likita ne mai neman ƙwarewa a wani babban asibiti a nan gari, kuma ya kusa shekara yana fama da takarda ɗaya a kan jijjigar masu ciki. Ya tono tsofaffin fayil-fayil, wasu beraye sun ci gefensu, ya ƙirga, ya rubuta. Rubutun yana da ƙirar da ba a saɓa mata: gabatarwa, yadda aka yi binciken, abin da aka samu, sai tattaunawa, a sama kuma taƙaitawa wadda mujallu da yawa ba sa yarda ta wuce kalma 250. Littattafan da ya dogara da su ya jera su da lamba bisa tsarin da wasu editoci suka shimfiɗa a birnin Bankuba na Kanada a 1978. Ya haɗa da takardar izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, da wasiƙa zuwa ga edita mai cewa bai kai rubutun wata mujalla ba, da bayanin ko wani kamfani ya ba shi kuɗi. Ya ɗora duka a intanet da tsakar dare, lokacin da sabis ke da ƙarfi.

Mujallar farko ta dawo masa da shi cikin mako guda, edita ko masu dubawa bai nema ba. Ta biyu ta tura wa mutum biyu da bai san sunansu ba, likitoci irinsa da suka riga shi a fagen, waɗanda yawanci ko sisi ba a biyan su. Bayan watanni amsa ta zo, a yi babban gyara a sake turowa. Ya shigo gidana fuska a murtuke ya ce, "Kawu, wannan mai dubawa na biyun ko dai bai karanta ba, ko kuma ya tsane ni." Na karɓa na duba. Mutumin ya tambayi dalilin da ya sa matan da fayil ɗinsu ya ɓace ba a faɗi adadinsu ba. Na ce masa, "Likita, ai wannan tambayar ko ni zan yi maka." Ya yi dariyar dole, ya zauna yana amsa su ɗaya bayan ɗaya, kowace da godiya a bakinta ko da ransa na ƙuna. Wannan kai da kawo tsakanin marubuci da edita da takwarorin da ke dubawa shi ne gaba ɗayan abin da ake kira tantancewa.

Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san irin wannan zama, sai dai mu darasu muke ce masa. Gardi zai yi satu, ya cika allo da ka babu kallon takarda, ya bar tawada ta bushe, sannan ya ɗauka ya kai gaban alaramma. Ana zaune a da'ira, allo na tashi daga hannu zuwa hannu. Alaramma zai bi layi da ido, ya tsaya cak, ya ce nan ka ci wasali, nan alif ɗin ba a rubuta shi, nan ka tsallaka zuwa ayar da ta yi kama da wannan a wata sura. Wani gwani a gefe ya tsoma baki ya ce irin wannan kalma sau kaza ta zo, sau kaza da wawu, sau kaza babu. Na taɓa ganin ƙato mai gemu yana zufa cikin sanyin hunturu saboda ɗigo ɗaya. Babu wanda ke jin an ci mutuncinsa, don kowa ya san in ba a kama kuskuren a nan ba, zai shige cikin hadda ya zauna, ya kuma koyar da shi ga yara. Har wanda ya rubuta Alƙur'ani sukutum da hannunsa sai ya kai wa 'yan'uwansa alarammomi sun bi shi shafi-shafi kafin a yi masa gafaka. Da za a bar ni in raɗa wa abin da mujallu ke yi suna, da darasun likitoci zan ce, don ya fi "tantancewa" nuna cewa aikin gyara ne tsakanin masu sana'a ɗaya.

Amma kwatancen yana da inda yake karyewa, kuma a wurin karyewar ne duk rikicin yake. Alaramma yana da asali a ƙirjinsa. Ya san abin da ya kamata ya gani a allon tun kafin a miƙo masa, don nassin ɗaya ne ba ya canzawa. Mai duba rubutun likita ba shi da wannan gata. Bai ga marasa lafiyar ba, bai shiga ɗakin gwaji ba, sau da yawa ko ɗanyen lissafin ba a tura masa. Abin da ke gabansa kawai labarin da marubucin ya bayar ne. Zai iya cewa hanyar nan ba ta dace da tambayar ba, ko mutanen sun yi kaɗan, ko ƙarshen maganar ya fi ƙarfin hujjar. Amma idan marubuci ya ƙirƙiro majinyata ɗari ya jera su da kyau, mai dubawa na iya sa hannu da zuciya ɗaya.

Kuma ya faru, a manyan gidaje ma. Mujallar Lancet ta Ingila tun 1823 take fitowa, duk likitan duniya na mafarkin ganin sunansa a ciki. A 1998 ta buga rubutun Andrew Wakefield da abokansa a kan yara 12, wanda ya jefa wa iyaye tsoron cewa rigakafin ƙyanda na da alaƙa da cutar galahanga. Ya wuce tantancewa. Sai a 2010 mujallar ta janye shi, aka kuma soke lasisin mutumin, bayan shekara 12 ƙarya na yawo, iyaye na ƙin kai 'ya'yansu allura. Mu da muka ga abin da jita-jitar allurar shan inna ta jawo a Arewa a 2003 ba sai an yi mana dogon bayani ba. A watan Mayun 2020 kuma mujallar ta sake buga wani a kan ƙanen maganin kulorokwin da korona, wai daga bayanan majinyata kusan 96,000 a asibitoci 671. Hukumar Lafiya ta Duniya har ta dakatar da nata gwajin na ɗan lokaci. Cikin mako biyu aka janye shi, don kamfanin da ya ce yana riƙe da bayanan ya ƙi bari a gani. Waɗanda suka bankaɗo shi masu karatu ne da suka lura alƙaluman wasu ƙasashe ba su yi daidai da na hukuma ba.

Su kansu editoci sun auna abin. A 1998 ma'aikatan mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, sun ɗauki rubutu suka dasa masa kurakurai takwas da gangan, suka rarraba wa masu duba musu. A matsakaici kowa biyu ya kama. Alaramman da zai ga kuskure biyu cikin takwas, gardawa da kansu za su naɗe buzu su sauya tsangaya.

Wannan duk a inda aka yi tantancewar da gaske ke nan. Akwai kuma inda sunanta kawai ake sayarwa, kuma ina kyautata zaton nan ne mai maganin rediyo ya yi sayayya, in ma akwai takardar. Mujallu ne na cin kuɗi, masu dogayen sunaye da "ta ƙasa da ƙasa" a ciki, suna cika wa malaman jami'a akwatin imel da kirari, ka turo yau, ka biya, jibi ka fito. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayensu har ya rufe jerin a 2017. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙaga binciken maganin daji mai cike da kurakuran da ɗalibi zai gani, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Abin da ya ƙara sosa mini rai a labarin shi ne sunayen marubutan da cibiyoyin da ya ƙirƙira na Afirka ya sa su yi kama, amma wannan zancen wata rana ne. Kar kuma a ce duk mujallar da ke karɓar kuɗi ta bogi ce, manya da yawa suna karɓa don a bar kowa ya karanta kyauta. Bambancin shi ne a can kuɗinka ba ya hana a ce maka a'a.

Laifin bai tsaya kan 'yan damfara ba. Jami'o'inmu sun ɗaura ƙarin girma a kan yawan takardu, kwamiti na ƙirga su kamar buhunan dankali a kasuwar Farin Gada, to me zai hana mutum ya nemi hanya mai sauƙi? Daga nan ne al'adar "a sa sunan oga" ta samu gindi. Ƙa'idar editocin duniya ta ce marubuci shi ne wanda ya sa hannu a tsara binciken ko nazarinsa, ya taɓa rubutun, ya amince da shi, ya kuma yarda a kama shi in an sami matsala. Ɗan ƙanwata yana da sunaye shida a saman takardarsa, na tambaye shi nawa ne suka taɓa fayil ɗin nan masu ƙura, ya ɗaga yatsu biyu ya ce, "Kawu, a bar maganar."

Sai kuma sabon ruɗani da korona ta kawo, rubutun da ake sakawa a intanet tun kafin kowa ya duba shi. An buɗe wa likitoci irin wannan rumbu a 2019, kuma yana da amfani lokacin annoba, don ba a jira wata shida ana mutuwa. A saman kowane an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a tantance ba, kada a yi magani da shi. Amma kafin ya iso WhatsApp an yanke wannan layin, ya zama "bincike ya tabbatar."

Duk da wannan ƙorafi ba na cikin masu cewa a watsar da tsarin. Na ga yadda mai dubawa na biyu ya tilasta wa yaron nan ya koma ɗakin ajiya ya ƙirgo matan da ya tsallake, takardar kuwa ta fi da gaskiya. Kuma garin nan yana da nasa misali na yadda magana ke tashi daga tantancewa ta kai ga tabbata. A 1969 aka kawo wata nas 'yar mishan, Laura Wine, daga garin Lassa na ƙasar Borno zuwa asibitin Jankwano da zazzaɓin da ba a san kansa ba, wanda yau ake kira zazzaɓin Lassa, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta ta bi ta, ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta tashi. Rubutun farko da ya bayyana cutar a 1970 a kan waɗannan mata uku ya tsaya, adadin da mai dubawa na yau zai iya yi wa tsaki. Cikin marubutan akwai likitar asibitin, Jeanette Troup, wadda cutar ta kashe a farkon shekarar bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. Abin da ya kafa maganarsu shi ne an ware ƙwayar cutar a ɗakin gwaji na jami'ar Yale, aka sake ganin ta a Laberiya da Saliyo, daga baya aka gano beran da ke ɗauke da ita, har yau kuma duk rani hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na fitar da adadin waɗanda ta kama.

Takardar ɗan ƙanwata dai ta koma karo na biyu tun kafin azumi. Jiya ya nuna mini a waya, har yanzu shafin na cewa tana hannun masu dubawa.