Rashin ganin tsutsa a kashin maciji ba shi ne lafiya ba

Masu kiwon macizai da yawa har yau sun ɗauka wai in dai maciji yana cin ɓeransa, kuma ba su ga tsutsa tana motsi a kashinsa ba, to cikinsa ƙalau yake. Ina! Tsutsar tana can maƙale a hanji, ƙwanta ne ke fitowa, shi kuma ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Dole sai an kai sabon kashi wajen likitan dabbobi, ya dama shi a ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ƙwan ya taso sama, sannan a duba. In ba za ka kai nan take ba sa shi a firji, amma banda firiza.

Kuma gwaji ɗaya fa ba ya isa, don ba kullum suke zubar da ƙwai ba, musamman ma Cryptosporidium, wata ƙaramar ƙwayar cuta (ita ba ma tsutsa ba ce) da ke sa bangon tumbi ya yi kauri, sai ka ga tsakiyar macijin ta kumbura, yana ta ramewa, in ya ci abinci bayan ƴan kwanaki ya amayo shi, wannan sai an maimaita gwaji ko a yi PCR, wato gwajin da ke neman ƙwayoyin halittar cutar, kafin a gano ta.

Wani lokacin kuma akasin haka ne, a ga ƙwai a ɗaga hankali, ashe na tsutsar ɓeran da ya haɗiye ne, wucewa kawai ya yi. Shi ya sa ɗura wa maciji maganin tsutsa da ka bai yi min ba sam. Farin abin nan da ke fita tare da kashi kuwa ba tsutsa ba ce, fitsarin macijin ne.