Baibul ba littafi ɗaya ba ne

A Damagaram, in hira ta biyo ta kan addini a rumfunan kasuwar Dole, sau da yawa za ka ji wani ya ce Baibul littafi ne guda da aka saukar wa Annabi Isa, kamar yadda Alƙur'ani ya sauka ga Annabi Muhammadu (SAW). Su kansu Kiristoci ba haka suka ɗauke shi ba. Tarin littattafai ne, 66 a wajen Furotesta, 73 a wajen Katolika, mutane daban-daban suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru, da Ibrananci da Aramaik da Girkanci. A ciki akwai tarihi, akwai waƙoƙin Zabura, har da wasiƙun Bulus, ɗaya daga cikin masu wa'azin Kiristanci na farko. Labarin Yesu, wato Annabi Isa, kuwa ta hannun mutum huɗu ya zo: Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Shi kuwa Alƙur'ani surori 114 ne, ya sauka cikin Larabci, a kusan shekara 23.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai nasu kuskuren, na masu zaton Alƙur'ani bai san da Yesu ba. Sura ta 19 sunan mahaifiyarsa take ɗauke da shi, kuma Maryam ce kaɗai macen da aka ambata da suna a Alƙur'ani duka.