Tsohon Zarto: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyara da Wasa Shi

Malam, ga sabon zarto da araha a kasuwar Sakkwato. Me zai sa in wahala da tsoho?

Duba haƙoran sabon. In ka ga bakinsu ya yi baƙi-baƙi, an ƙona su ne a masana'anta don su yi tauri. Magagari ba ya cin irin wannan ƙarfe, ranar da ya dakushe sai bola. Shi kuwa tsoho, irin su Spear & Jackson na Ingila ko Disston na Amurka, ƙarfensa yana karɓar washi sau da yawa, har ɗa ya gaji na ubansa. Ina jin takaici in na ga irinsa a buhun 'yan gwangwan.

Yaya zan gane wanda ya cancanci gyara?

Ɗaga shi daidai idonka ka leƙa tsawonsa. In ya miƙe, saye. Tsatsar sama ba komai ba ce. Amma in ta yi ramuka kusa da haƙora, ko ƙarfen ya karye ya lanƙwashe, bar musu kayansu.

Tsatsar fa?

Kwance notunan ka cire mariƙin. Zuba kananzir kaɗan, ka goga sanfefa mai laushi ta tsawon zarton, ba ta faɗi ba. Don Allah kar ka kai shi wajen mai injin washi: zafin dutsen yana kashe taurin ƙarfen.

To, washin kansa?

Nan aikin yake. Matse zarton tsakanin katako 2, haƙoran kaɗai suka leƙo sama. Fara bi ta kansu da magagari mai faɗi har tsayinsu ya daidaita, kowane haƙori ya yi ɗan ƙyalli a kai. Sai ka ɗauki magagari mai kusurwa 3, ka shiga tsakanin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Turawa gaba ne ke ci, in za ka dawo sai ka ɗaga hannu. Ƙyallin nan na ɓacewa, haƙorin ya yi.

Zarton tsaga katako ta tsawonsa, a miƙe ake tura masa magagari. Na yankan gicciye kuwa sai an ɗan karkata hannu, a wasa haƙori ɗaya a tsallake ɗaya, sannan a juya zarton a bi sauran.

Na wasa, amma yana maƙalewa a cikin katako.

Haƙoran ba su buɗe ba. Ana lanƙwasa ɗaya dama, na biye hagu, don hanyar yankan ta fi kaurin zarton faɗi. Rabin haƙori na sama kawai za ka lanƙwasa, kuma kaɗan, in ba haka ba ya ɓalle. In gefe ɗaya ya fi buɗewa, zarton zai riƙa janye ka daga layi.

Ajiya fa?

Da damina goga masa kyandir ko kakin zuma. Da hunturu, bushewar iskar Sakkwato kan sa icen mariƙin ya tsuke, sai ka riƙa ƙara ɗaure notunan kafin ya fara girgiɗi.