Yadda ƙaramar kafa a ƙofar shiga ta daɗe ba a toshe ta ba

Manyan kamfanoni a yau ƙofa ɗaya suke da ita. Ma'aikaci ya sa sunansa da kalmar sirrinsa sau ɗaya, sai imel da takardun ofis da shafin albashi duk su buɗe masa. Manhajar da ke tsaron wannan ƙofa, ko Keycloak ce ko Okta ko Entra ID ta Microsoft, dole ta riƙa yin abu guda: in ta gama tantance mutum, ta mayar da shi inda ya fito. Adireshin komawar yana tafe ne a jikin linkin da mutumin ya danna. In manhajar ba ta duba shi da kyau ba, duk inda aka rubuta nan za ta kai shi, ko da gidan ɓarawo ne. Wannan ita ce karkatarwa marar linzami (open redirect a Turance), wadda ke da lamba CWE-601 a kundin raunukan manhaja.

Ba sabon ciwo ba ne. Ƙungiyar OWASP, mai nazarin tsaron manhajojin intanet, ta sa shi a jerin manyan haɗura goma na shekarar 2010, a mataki na goma, ya sake fitowa a 2013, sannan a 2017 aka sauke shi. Google ma ya daɗe da bayyana cewa ba ya biyan lada ga wanda ya gano irin wannan kafa ita kaɗai. Hujjar ita ce ba a fasa komai ba, an dai tura mutum wani shafi ne kawai.

A shafin labarai ko na kanti, wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya. A ƙofar tantancewa kuwa, ni ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin mutum ba hannu rabbana yake komawa ba. A tsarin OAuth 2.0, wato ƙa'idar da manhajoji ke bi wajen ba juna izinin shiga, wanda aka wallafa a Oktoban 2012 a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 6749, ana liƙa wa adireshin komawa wata lambar izini, wani lokacin ma tikitin shiga kansa. Wanda ya karkatar da hanya ya karɓi mabuɗi ke nan. Su kansu marubuta tsarin sun yi gargaɗi a kan haka a cikin takardar, amma sun bar ƙofa: an yarda a yi rajistar wani ɓangare kawai na adireshin, ba lallai cikakkensa ba. Daga nan ɓarakar ta yi ta fitowa.

A Fabrairun 2014 Egor Homakov ya nuna yadda ya harhaɗa ƙananan kurakurai biyar a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, har ya kai ga ma'ajiyar mutane ta sirri, kuma na farkonsu wasa ne da adireshin komawa. Watanni kaɗan bayan haka, Wang Jing, ɗalibi a jami'ar Nanyang ta Singafo, ya tayar da ƙura da abin da ya kira Covert Redirect. Jaridu suka kwatanta shi da Heartbleed, wata babbar kafar tsaro da aka gano a wannan shekarar, masana suka ce an zuzuta, tsohon zance ne. Gaskiyarsu, sai dai tsufan zancen bai sa an gyara ba.

Ɓangaren da ya fi taɓa ma'aikaci shi ne damfara. An koya masa ya ɗora kibiyar linzamin kwamfuta a kan linki ya karanta adireshin kafin ya danna. Ya yi hakan, ya ga sunan da ya sani, hankalinsa ya kwanta. A Agustan 2021 Microsoft ya bayyana wani gagarumin farmaki mai wannan salo: linki na gaske ya kai mutum shafin gwajin nan na tabbatar da cewa kai ba na'ura ba ne, daga nan zuwa shafin shiga na bogi, wanda zai ce kalmar sirri ba daidai ba ce, a sake rubutawa. Bawan Allah ya rubuta sau biyu, ya tabbatar wa ɓarawo da ita da hannunsa.

Keycloak, da yake manhaja ce da kowa ke iya karanta cikinta, tarihinta a fili yake. A 2023 an samu hanyar zagaye binciken adireshin komawa, aka ba ta lamba CVE-2023-6291. A 2024 kuma CVE-2024-8883 ta nuna cewa adireshin gwaji na cikin kwamfuta, irin wanda injiniya kan sa yana aiki ya manta bai cire ba, ya isa a kai mutum ko'ina. Sau da yawa laifin na alamar tauraro ne da ake sawa a ƙarshen adireshi don a karɓi duk abin da ya biyo baya, gudun wahalar rubuta kowanne ɗaya bayan ɗaya.

Sai a Janairun 2025, da fitowar RFC 9700, sabuwar takardar ƙa'idar tsaron OAuth, aka wajabta wa tsarin gaba ɗaya abin da ya kamata tun farko: adireshin komawa ya yi daidai da wanda aka yi wa rajista, harafi da harafi, in ban da lambar tasha (port) ta manhajojin da ke aiki a cikin na'urar mutum. Tsofaffin saituna masu tauraro kuwa suna nan a kamfanoni da yawa, domin duk wanda ya cire su, shi za a fara kira ranar Litinin in wani shafi ya ƙi buɗewa.