Ƙwayar Gilashi Mai Araha

Ƙwayar gilashi, wadda masu yanka tabarau ke ce wa lens, ɗan gutsuren gilashi ne ko roba garau da aka lanƙwasa fuskarsa domin ya karkata haske. Ita ce ruhin tabarau da kyamara da madubin hangen nesa da madubin likita na duba ƙananan halittu. Wadda tsakiyarta ya fi gefenta kauri tana tara haske wuri guda, ta ƙara wa abu girma. Wadda gefenta ya fi kauri kuwa baza shi take yi. Ana auna ƙarfinta da diyofta: mai lamba +2.00 tana tara hasken rana a tazarar rabin mita.

Ilimin ya daɗe. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar karkatar haske a Bagadaza wajen shekarar 984, Ibnul Haisam kuma ya wallafa Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Tabarau ya bayyana a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13.

Abin da ke kawo tsada

Gilashi daga yashi ake narka shi, don haka ba shi ne mai cin kuɗi ba. Gyaran aibi ne ke ci. Ƙwaya guda tana da aibi biyu manya: hasken da ya bi ta gefenta ba ya haɗuwa da na tsakiya, sai hoto ya yi dishi-dishi, sannan tana raba launuka, a ga shuɗi ko ja sun kewaye bakin abin da ake kallo. Tun a 1758 John Dollond ya yi rajistar dabarar manna gilashi iri biyu a Ingila don magance na biyun. Shi ya sa bakin madubin likita mai kyau ke ɗauke da ƙwayoyi da dama, kowacce sai an wasa ta, an goge, an daidaita ta da 'yar'uwarta ba kuskure ko na silin gashi.

Dabarun rage farashi

Ta farko ita ce zubi. Ana narka roba a ɗura a mazubi, kamar yadda maƙerin farfaru ke zuba tukunyar dalma. Mazubin ne mai tsada, amma da zarar an same shi sai ya fitar da dubbai. Da haka ake yin ƙwayoyin kyamarar waya. Robar CR-39, wadda ta shiga sana'ar tabarau a 1947, nauyinta kusan rabin na gilashi ne.

Ta biyu ta fi ban sha'awa: a ƙanƙanta ƙwayar ta zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero, domin iya ƙanƙantarta iya ƙarfinta. Da ƙwaya tilo Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a ƙasar Holan ya ga bakteriya a 1676. A 2014 Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford a Amurka suka farfaɗo da wannan hikima a madubin takarda mai suna Foldscope, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana kuma ninka girman abu sau 140. Akwai kuma tabaran Joshua Silver na Oxford, da ake ɗura wa ruwa har mai shi ya ji gani ya daidaita.

Amfani a Kebbi da Zamfara

Gwanintar mai ƙira tana wajen sanin aibin da aikin zai iya jurewa. A garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri da Argungu, inda masunta da manoman shinkafa da yara ke wuni cikin ruwa, tsargiya tsohuwar cuta ce. Ƙwan tsutsarta da ke fita a fitsari yana da girma, ya zarce kashi ɗaya cikin goma na milimita, saboda haka madubi mai araha na iya nuna shi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba haka take ba. Tana ɓuya cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma ana duba ta ne a ninki 1,000 tare da ɗigon mai na musamman. Wanda ya ba asibitin karkara madubin takarda don wannan aiki bai kyauta masa ba.

Inda araha ta fi yin rana shi ne tabaran karatu. Daga shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abu na kusa, sai ka ga tela a Gusau yana neman mai zura masa zare, ko malamin zaure yana nesanta Alƙur'ani da fuskarsa. Abin takaici ne, domin ƙwayar zubi mai lamba +1.00 zuwa +3.00 ta wadatar wa mafi yawansu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 1 ke fama da matsalar gani da za a iya kaucewa ko ba a kula da ita ba. Sai dai tabaran kasuwa ba ya maganin yanar ido ko hawan jinin ido, waɗannan sai an je asibiti.

Roba kuma tana saurin karcewa. A lokacin hunturu, goge ta a bushe da bakin riga tamkar shafa mata yashi ne, gara a fara ɗauraye ta da ruwa. Da damina kuwa danshi kan sa fumfuna ta tsiro a cikin madubin likita, har ta cinye siririn shafen da ke kan fuskar ƙwayar idan ba a ajiye shi a busasshen akwati ba.